Darasi na Tara: Kalmar "Ba" da Fuskokinta

Gabatarwa

Ku ɗauka wani ɗan kasuwa mazaunin unguwar Jos Jarawa ya tafi Farin Gada saro kaya, ya bar yaronsa a shago. Can sai yaron ya aika masa da saƙo ta waya cewa, "Maigida, ga wani ya zo karɓar buhun dankalin da ya biya kuɗinsa jiya." Maigidan yana tsakiyar ciniki, sai ya mayar da amsa da kalmomi biyu kacal: "Ba shi."

Yaron ya zuba wa wayar ido. Akwai buhuna a shagon, amma bai san ko na mutumin yana cikinsu ba. Shin maigida umarni ya ba shi ya miƙa wa mutumin buhu, ko kuwa cewa yake yi buhun nasa babu shi? In ya miƙa alhali ba haka ake nufi ba, ya bayar da kayan wani. In kuma ya hana alhali an ce ya bayar, ya ɓata wa mai ciniki rai.

Da a ce da baki maigidan ya yi magana, da yaron bai ruɗe ba, domin kunne yana rarrabe waɗannan ma'anoni biyu. Rubutu ne ya haɗa su. A wannan darasi za ku ga cewa abin da muke rubutawa da haruffa biyu, wato *b* da *a*, ba kalma ɗaya ba ce. Kalmomi ne daban-daban, masu aiki daban da asali daban, waɗanda suka yi anko a kan takarda. Za ku kuma koyi yadda za ku gane kowacce ta hanyar duba maƙwabtanta a cikin jimla.

Abin da rubutu ba ya nunawa

Akwai abubuwa biyu da suke canza ma'anar kalma a Hausa, amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna su.

Na farko shi ne tsawon wasali. Ku furta *gari* a cikin "Jos babban gari ne", sannan ku furta *gari* a cikin "garin masara". A ta farko wasalin gaɓar farko gajere ne, a ta biyu dogo ne.

Na biyu shi ne karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓa. Ku kwatanta *kuka* na yaro da *kuka* ta miya. A ta farko murya tana sama a gaɓoɓin biyu, a ta biyu kuwa tana sauka a gaɓar ƙarshe. Hausa tana da karin sama da karin ƙasa, da kuma karin da yake faɗowa daga sama zuwa ƙasa a kan gaɓa ɗaya, kamar yadda ake ji a kalmar *yau*.

Ɗaliban Filato ba baƙi ba ne ga wannan al'amari, domin harsunanku na gida, irin su Izere da Berom da Ngas da Tarok, su ma suna aiki da karin sauti. Manyan ƙamusoshi kamar na Bargery, wanda aka buga a 1934, suna sa alamomin tsawo da na kari. Jarida da wasiƙa da saƙon waya kuwa ba sa sawa. Saboda haka dole mai karatu ya nemi wata hanyar.

Ba mai korewa

Korewa ita ce nuna cewa abu bai faru ba, ko ba ya faruwa, ko ba shi ne ba, ko babu shi. Akwai *ba* iri huɗu da suke yin wannan aiki.

*Ta farko* tana zuwa ne da abokiyarta, ɗaya a gaba ɗaya a baya, su sa aikin a tsakiya. Ana amfani da ita a shuɗaɗɗen lokaci da lokaci mai zuwa da lokaci na sabo. A shuɗaɗɗen lokaci ta farkon gajeriya ce mai karin ƙasa, ta ƙarshen kuma gajeriya mai karin sama.

- Ladi ba ta zo makaranta ba.
- Ba mu hau dutsen Shere ba.
- Ba za su tafi Bukuru gobe ba.

A wurare biyu wannan *ba* takan narke da wakilin sunan da ke bin ta. Muna cewa *ban zo ba* da *bai zo ba*. Sauran kuwa a rarrabe suke: ba ka zo ba, ba ki zo ba, ba ta zo ba, ba mu zo ba, ba ku zo ba, ba su zo ba, ba a zo ba.

*Ta biyu* doguwa ce mai karin sama, kuma ita kaɗai take tafiya. Aikinta kore lokaci mai ci.

- Ba na jin sanyi.
- Audu ba ya shan shayi.
- Ba a fafe gora ranar tafiya.

Jerinta shi ne: ba na, ba ka, ba kya, ba ya, ba ta, ba ma, ba kwa, ba sa, ba a. A nan masu koyon Hausa suka fi yin tuntuɓe. Sau da yawa za ku ji an ce "ba na zuwa ba". A daidaitacciyar Hausa wannan *ba* ta ƙarshe ba ta da gurbi, "ba na zuwa" ya wadatar. A Hausar yamma, kamar ta Sakkwato, za ku ji "ba ni zuwa" da "ba shi zuwa". Wannan karin harshe ne, ba kuskure ba ne, sai dai a jarrabawa daidaitacciyar Hausa ake bukata.

*Ta uku* doguwa ce mai karin ƙasa, ita ma tana da abokiya a baya. Ba aiki take korewa ba, suna take korewa, ko siffa, ko magana sukutum.

- Wannan ba kuza ba ne, baƙin yashi ne.
- Ba Ladi ba ce ta share aji.
- Ba kullum ake kwana a gado ba.

Ku lura da matsayin *ne* da *ce*. A daidaitacciyar Hausa sukan biyo bayan *ba* ta biyu: "ba haka ba ne", "ba ita ba ce".

*Ta huɗu* doguwa ce mai faɗowar kari, kuma ma'anarta ɗaya da *babu*. Ita ce kishiyar *akwai*.

- Ba ruwa a famfo.
- Ba kowa a aji.
- Ba shiga, ba fita.

Da ita ake kore mallaka: ba ni da littafi, ba ki da laifi, ba shi da lafiya, ba su da gona. Bambancinta da *babu* shi ne ba ta iya tsayawa ita kaɗai. In an tambaye ku, "Akwai gishiri?" amsarku ita ce "Babu", ba za ku ce "Ba" ku yi shiru ba.

Akwai wuri guda da *ba* ba ta shiga, wato hani. In za ku hana mutum yin abu, *kada* ko *kar* za ku ɗauko: "Kada ka makara", "Kar ki manta".

Ba mai ma'anar bayarwa

Wannan *ba* aikatau ce, ba ruwanta da korewa. Ma'anarta miƙa wa wani abu. Wasalinta dogo ne, amma karinta yana sauyawa dangane da abin da ya biyo bayanta. Gaban wakilin suna karinta na sama ne: "Malam ya ba ni alli." Gaban suna yana faɗowa: "Malam ya ba Audu alli." A umarni kuwa yana komawa ƙasa: "Ba ni alli!"

Wanda aka ba shi ne yake fara zuwa, sannan abin da aka bayar. Ana iya cewa "ya bai wa Audu alli", ma'ana ba ta canza ba. In kuma ba a ambaci wanda aka ba ba, sai a koma ga *bayar da*: "Ya bayar da alli."

Yanzu ku dubi waɗannan jimloli uku, dukkansu sun fara da kalmomi biyu iri ɗaya:

- Ba Audu littafi.
- Ba Audu a aji.
- Ba Audu ba ne.

Ta farko umarni ce, domin bayan mutum an ambaci abin da za a miƙa masa. Ta biyu tana nufin babu Audu, domin wuri ne ya biyo baya. Ta uku musu take yi, ga *ba* ta biyu nan ta tona asirinta. Haka kuma kalma ɗaya tak ta raba "ba ni kuɗi" da "ba ni da kuɗi". Mai faɗin ta farko nema yake yi, mai faɗin ta biyu kuwa ba da haƙuri yake yi.

Daga wannan aikatau ne aka samu kalmomi da yawa masu farawa da *ban*: ban kwana, ban ruwa, ban girma, ban gajiya, abin ban dariya, abin ban tsoro, abin ban mamaki. Abin ban tsoro shi ne abin da yake ba mutum tsoro. Kada ku rikita wannan *ban* da ta "ban gani ba", wadda korewa ce, ko da *ban da* ta "kowa ya zo ban da Ladi", wadda take ware wani daga cikin jama'a.

Ba mai neman tabbaci

A hira za ku ji an ƙare magana da *ba* tare da ɗaga murya, kamar "Ka gane ba?" ko "Gobe za ki zo ba?" Mai maganar ba korewa yake yi ba, so yake yi a gaskata shi, tamkar ya ce, "Ko ba haka ba?" Wannan *ba* ta yaɗu ƙwarai a Jos, har ta tsallaka cikin Turancin da ake yi a kasuwa da tasha. Ta dace da hira da wasan kwaikwayo. A wasiƙar neman aiki ko insha'i kuwa gara ku yi amfani da *shin* ko *ko*.

Ɗafa-goshin ba-

Duk waɗanda muka gani a baya kalmomi ne masu zaman kansu. Wannan kuwa ɗafi ne, ba ya tsayawa shi kaɗai, sai an manna shi a goshin wata kalma. Gajere ne mai karin ƙasa. Aikinsa nuna mutum ɗaya da asalinsa, wato garinsu ko ƙabilarsa ko sana'arsa ko tafarkin da yake bi. A jam'i *ba-* yakan faɗi, sai ɗafa-ƙeyar *-awa* ta maye aikinsa.

- Bahaushe, Bahaushiya, Hausawa
- Bakatsine, Bakatsiniya, Katsinawa
- Basakkwace, Basakkwaciya, Sakkwatawa
- Bagobiri, Bagobira, Gobirawa
- Banufe, Banufiya, Nufawa
- Bature, Baturiya, Turawa
- Balarabe, Balarabiya, Larabawa

Sunan unguwar da muka fara da ita misali ne na wannan tsari. *Jarawa* jam'i ne, tilonsa *Bajari*. Haka ma *dankalin Turawa*, wanda Filato ta yi fice wajen nomansa, yana ɗauke da jam'in *Bature*.

Ba ƙabila da gari kaɗai ba. Ta fuskar sana'a da matsayi muna da baduku da dukawa, bafade da fadawa, baƙauye da ƙauyawa. Ta fuskar tafarki muna da Baƙadire da Ƙadirawa, Batijjane da Tijjanawa. Akwai kuma bahago, wato mai aiki da hannun hagu. Ku dubi karin maganar nan: "Ba a mugun sarki, sai mugun bafade." *Ba* ta farko korewa ce, ta cikin *bafade* kuwa ɗafi ne.

Abubuwa uku ne za ku kiyaye a nan.

Na farko, baƙin ƙarshe na saiwar kalma yakan sauya gaban wasalin *e* ko *i*. Harafin *s* yakan koma *sh*, shi ya sa Hausa ta ba da Bahaushe, Faransa ta ba da Bafaranshe. Harafin *t* yakan koma *c*, kamar Sakkwato da Basakkwace. Harafin *z* yakan koma *j*, kamar Maguzawa da Bamaguje. Masana suna kiran wannan sauyi ganɗantawa.

Na biyu, in kalma ta fara da wasali a rubuce, ana sa alamar ɗauri tsakaninta da ɗafin: Ba'amurke, Ba'indiye, Ba'abzine.

Na uku, ba kowane tilo ne yake yin jam'i da *-awa* ba. Jam'in Bafulatani shi ne Fulani, na Babarbare shi ne Barebari, na basarake kuma sarakuna.

Sannan ba kowane gari ne yake karɓar *ba-* ba. Ga yawancin garuruwa *ɗan* da *'yar* da *'yan* ake amfani da su: ɗan Jos, 'yar Pankshin, 'yan Najeriya. Duk da haka tsarin bai mutu ba. Jos gari ne da ya bunƙasa a farkon ƙarni na 20 ta dalilin haƙar kuza, amma ga shi an riga an ƙera kalmar *Jasawa* daga *Jas*, yadda Bahaushe yake furta sunan garin, kuma Hausawan da suka daɗe da zama a cikinsa suna kiran kansu da ita.

Ba kowace ba- ce ɗafi ba

Kalmomi da dama suna farawa da *ba* ba tare da ɗafi ba ne: baki, baƙo, bango, barci, babba, bashi, Bauchi. Ga hanyar gwaji mai sauƙi. Ku cire *ba*, ku ga ko abin da ya rage yana nuna wani wuri ko wasu mutane ko wata sana'a. In kun cire ta daga *Bakatsine* za ku hango Katsina. In kun cire ta daga *bango*, abin da ya saura ba shi da ma'ana. Ashe *ba* ta *bango* jikin kalmar ce.

Wani lokaci kuma kalma ɗaya takan fito daga tushe biyu. *Balarabe* yana nufin mutumin ƙasar Larabawa. Amma Hausawa suna yi wa yaron da aka haifa ranar Laraba laƙabi da Balarabe, yarinya kuma Balaraba. Sunan jama'ar ya fito daga kalmar da Larabawa suke kiran kansu da ita, sunan ranar kuwa daga kalmar Larabci mai dangantaka da huɗu, domin Laraba ce rana ta huɗu in an fara ƙirga daga Lahadi. Saboda haka in kun ji sunan Balarabe Musa, gwamnan Jihar Kaduna daga 1979 zuwa 1981, kada ku zaci daga ƙasar Larabawa ya zo.

Daga ina suka fito?

Kama da wane ba ta wane. In muka bi asali, za mu ga waɗannan kalmomi sun rabu gida huɗu.

Gida na farko shi ne na korewa. Masana da dama suna ganin *ba* huɗun nan tushensu ɗaya, tsawo da kari ne suka rarraba su bisa ga aikin da kowacce take yi. *Ba* mai neman tabbaci ma a nan take, domin ta yi kama da wutsiyar "ko ba haka ba?" Game da *babu* akwai ra'ayi biyu. Wasu sun ce haɗin *ba* ce da *abu*, wato ba abu. Wasu kuma sun ce *babu* ce ta asali, aka gutsure ta ta koma *ba*.

Gida na biyu shi ne na bayarwa. 'Yan'uwan wannan *ba* su ne bayar da bayarwa da bai wa, da baiko na aure, da baiwa irin wadda Allah yake yi wa mutum.

Gida na uku shi ne na ɗafi. Wanda ya san harsunan Bantu zai iya zaton daga can aka aro shi, domin a Uganda akwai Baganda, a Lesotho akwai Basotho, a Botswana akwai Batswana. Amma ku lura da kyau. A waɗancan harsuna *ba-* jam'i take nunawa, mutum ɗaya kuwa Muganda ne ko Mosotho ko Motswana. A Hausa akasin haka ne, *ba-* na mutum ɗaya ne. Ban da haka Hausa ba ta cikin dangin Bantu. Tana cikin dangin harsunan Cadi ne, tare da Ngas da Mwaghavul da Goemai da Ron na nan Filato. Akwai masanan da suke danganta ɗafin da kalmar *baki*, ganin cewa da bakinsa, wato harshensa, ake gane inda mutum ya fito. Ita kuwa *-awa* tana fitowa a sunayen garuruwa da yawa, irin su Gezawa da Tsanyawa da Gabasawa a Jihar Kano, inda take nuna mazaunin wata jama'a.

Gida na huɗu baƙo ne. *Ba* sunan harafi na biyu ne a jerin haruffan Larabci, kuma da su ake rubutun ajami. A boko ma haka muke kiran harafin *b* in muna jera a, ba, ca, da, har aka sami kalmar *abacada*. Abin sha'awa shi ne ajami yakan nuna dogon wasali, abin da boko ya bari. Amma shi ma ba ya nuna karin sauti.

A raba ko a haɗe?

Ƙa'idar gajeriya ce. Ɗafi a haɗe yake da kalmarsa. *Ba* mai korewa da *ba* mai bayarwa a rabe suke da abin da ya biyo bayansu, in ban da *ban* da *bai*. Masu rubutu a waya da Facebook sun saba haɗe su, amma ku dubi ɓarnar da hakan yake yi:

- *ba shi da kuɗi* yana nufin aljihunsa wayam. *Bashi da kuɗi* abubuwa biyu ne, rance da kuɗi.
- *ba ki da haƙora* magana ce ga mace mai wawulo. *Baki da haƙora* sassan jiki ne.
- *ba na noma* yana nufin ni ba manomi ba ne. *Bana* kuwa ita ce shekarar da muke ciki.
- *ba ya ciwo* yana nufin lafiya lau. *Baya* kuwa kishiyar gaba ne.
- *ya bai wa Ladi* aikatau ne; *baiwa* suna ce.

Tazarar da ke tsakanin kalmomi biyu ba ado ba ce. Ita ce take yi wa ido aikin da karin sauti yake yi wa kunne, kuma mai duba takardar jarrabawa yana lura da ita.

Nahawu da ladabi

Yanzu kun iya ƙera sunan mutum daga sunan jama'arsa. Sai dai iyawa daban, dacewa daban. Yawancin sunayen da suke da *ba-* da *-awa* Hausawa ne suka raɗa wa maƙwabtansu, ba su mutanen ne suka zaɓa ba. Waɗanda ake kira Jarawa a Jos suna kiran kansu Afizere, harshensu kuma Izere. Sunan Jarawa ma bai tsaya a kansu ba, domin ana kiran wata jama'a dabam da shi a Jihar Bauchi, har aka bambanta su da cewa Jarawan Dutse da Jarawan Kogi. Waɗanda ake kira Gwarawa sunansu Gbagyi. Haka nan an daɗe ana ce wa Mwaghavul Sura, ana ce wa Tarok Yergam.

Wasu daga cikin irin waɗannan sunaye sun zauna lafiya, har sun zama sunayen unguwanni. Wasu kuwa masu su ba sa son su, musamman waɗanda aka mayar abin zolaya. Kalmomi irin su *baƙauye* da *bagidaje* ma daidai suke a nahawu, amma jifan mutum da su cin fuska ne. A gari irin Jos, inda ƙabilu da yawa suke cin kasuwa ɗaya suna zama a aji ɗaya, kyakkyawar ɗabi'a ita ce ku kira mutum da sunan da yake kiran kansa. In ba ku sani ba ku tambaya. Cewa "mutumin Afizere" ko "'yar ƙabilar Tarok" Hausa ce ingantacciya.

Taƙaitawa

In kun haɗu da *ba* a rubuce, ku yi wa kanku tambayoyi huɗu. A manne take da sunan mutum? Ɗafi ne. Akwai wata *ba* a bayanta, ko kuwa *na*, *ya*, *sa* da makamantansu suna bin ta? Korewa ce. Za a iya sa *babu* a madadinta? Rashi take nunawa. Akwai mai karɓa da abin karɓa? Bayarwa ce.

Saƙon maigidan nan kuwa ya gagari tambayoyin duka, domin bai bar wa *ba* maƙwabtan da za su yi mata shaida ba. Da ya rubuta "Ba shi buhun" ko "Babu shi", da yaron bai tsaya zullumi ba. Wannan shi ne hakkin mai karatu a kanku: duk inda kuka ga magana za ta iya ɗaukar fuska biyu, ku ƙara kalmar da za ta tsayar da ita a kan ɗaya.

Aikin yi

A. Ku faɗi aikin kowace *ba* a waɗannan jimloli.
1. Ba mu da malamin lissafi bana.
2. Ba Ladi tsintsiya ta share aji.
3. Bature bai ba baduku kuɗinsa ba.
4. Ba sanyi yau, ko ba haka ba?
5. Ba don tsawo ake ganin wata ba.

B. Ku kore waɗannan jimloli.
1. Mun je gidan tarihi na Jos.
2. Suna sayar da tumatir a Farin Gada.
3. Wannan motar kawuna ce.
4. Akwai hazo a kan duwatsu.
5. Za ta rubuta wasiƙa.

C. Ku kawo tilo na namiji da na mace: Katsinawa, Nufawa, Faransawa, Amurkawa, Hausawa.

D. Ku gyara kurakuran da ke cikin wannan saƙo: "Yaya, bana jin daɗi ba. Baba bashi da lafiya, kuma basu bamu hutu ba. Don Allah ki baiwa Audu kuɗin mota."

E. Ku ware kalmomin da suke da ɗafin *ba-* daga waɗanda ba su da shi: Bagobiri, barkono, bafade, bargo, Bayahude, bazara, bahago, baƙi.

F. Ku tambayi iyayenku ko kakanninku yadda jama'arku suke kiran mutum ɗaya da mutane da yawa daga cikinsu a harshenku na gida. Ku rubuta sakin layi ɗaya da Hausa, kuna kwatanta wannan tsari da na *ba-* da *-awa*, sannan ku karanta wa 'yan ajinku.